Ladabin Zance Ya Hau Kan Na'ura Ma

Babbar manhaja ba ta fitowa daga hannun mutum ɗaya. Waɗanda ake ginawa a bainar jama'a, irin su Linux da Firefox da manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, suna tara ɗaruruwan ma'aikata, wani lokaci dubbai, kuma mafi yawansu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Rubutu ne ke haɗa su. Wani ya kawo gyara, wani ya duba ya ce da sauran aiki, na uku ya zo da hujjar da za ta rushe ta su biyun, a yi ta ja-in-ja har a tsaya a kan magana ɗaya. Idan wannan muhawara ta tsaya, aikin ma ya tsaya.

Sai dai a cikin zauren akwai masu magana da ba mutane ba. Ƙananan manhajoji ne da masu sana'ar ke kira bot, kowane da aikin da aka ɗora masa. Ɗaya yana sanar da cewa an shigar da sabon gyara. Ɗaya yana gwada manhajar bayan kowane gyara, ya faɗi sakamako. Wani yana tunatarwa cewa wani ɓangare da aka aro daga waje ya tsufa, wani kuma yana yi wa baƙo maraba. Ba sa gajiya, ba sa barci, kuma ba sa lura da fuskar mai sauraro. Tafi-tafi sai saƙonninsu su rinjayi na mutane, har tambayar da wani ya ɓata dare yana tsarawa ta nutse a tsakanin sanarwa arba'in masu cewa komai lafiya.

An saba ɗaukar wannan a matsayin matsalar fasaha, wadda maganinta shi ne kowa ya kafa matata a akwatin saƙonsa. Wannan maƙala tana ganin matsalar harshe ce tun daga tushe, kuma ɗalibin ilimin harshe yana da abin cewa a kanta. Duk abin da ya shiga zancen mutane ya shiga ƙarƙashin dokokin zance, ko mai rai ne ko marar rai. Dokar da ta dace da na'ura ita ce kada ta buɗe baki a zauren mutane sai tana da labarin da ke buƙatar wani sanannen mutum ya yi wani abu. Sauran abin da ta sani, wurinsa kundi ne, inda mai bukata zai je ya duba.

Saƙo casa'in da bakwai

A safiyar ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannayen jari a Amurka, ya fara aiki da sabuwar manhajar aika odar saye da sayarwa. Kwamfutoci takwas ne ke ɗauke da wannan aiki, kuma ma'aikacin da ya sanya sabuwar manhajar ya tsallake guda ɗaya. A cikin wadda aka tsallake akwai wani tsohon ɓangare mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire shi ba. Da aka buɗe kasuwa da ƙarfe tara da rabi, tsohon ɓangaren ya farka ya shiga zuba oda ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 ya ƙulla ciniki fiye da miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154, kuma Knight ya yi asarar fiye da dala miliyan 460. Kafin shekara ta zagayo, kamfanin ya haɗe da wani don ya tsira.

Abin da ya shafi wannan maƙala yana cikin binciken da hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta fitar a watan Oktoba 2013, lokacin da ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12. Tun wajen ƙarfe takwas na safiyar, awa ɗaya da rabi kafin a buɗe kasuwa, na'urar kamfanin ta aika wa wasu ma'aikata saƙonnin imel 97 masu ambaton Power Peg da kuma kuskure. Hukumar ta ce ba a tsara irin waɗannan saƙonni a matsayin gargaɗi ba, kuma ma'aikatan ba su saba duba su ba idan sun iso. Na'urar ta faɗi gaskiya sau casa'in da bakwai, ba wanda ya ji.

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma kunne abu ne da ake horarwa. Wanda aka shekara ana aiko masa saƙonnin da ba su taɓa neman komai daga gare shi ba ya riga ya koyi darasi, kuma darasin daidai ne a kusan kowace rana: wannan murya ba ta cancanci a tsaya mata ba. Ranar da muryar ta zo da abin ji, darasin yana nan daram. Ma'aikatan asibiti sun san wannan da ƙararrawar na'urorin da ke gefen gadon majinyata, har hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman a kansa a 2013. Masu binciken haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island, wanda ya auku a ranar 28 ga Maris 1979, sun tarar da ƙararrawa fiye da ɗari sun tashi a mintocin farko, ba tare da wata hanyar ware mai muhimmanci daga maras muhimmanci ba. Aikin manhaja bai cika kai wa ga rai ba, amma kunnen ɗan Adam iri ɗaya ne a ko'ina.

Abin da Grice zai ce

A cikin laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1967, waɗanda aka buga wani sashensu a 1975, Paul Grice ya nuna cewa masu zance suna tafiya ne a kan zaton haɗin kai. Mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana zai faɗi gwargwadon abin da ake bukata, zai faɗi abin da ya yarda gaskiya ne, zai faɗi abin da ya dace da wurin, kuma zai faɗe shi a fayyace. Wannan zato ne ke sa a fahimci abin da ba a furta ba. Idan maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, tun kafin ya buɗe baki an san da magana, domin mai hankali ba ya tada mutane a banza.

Bot yana cin moriyar wannan zato ba tare da ya biya kuɗinsa ba. Saƙonsa yana isowa ta ƙofar da saƙon mutum ke isowa, da ƙara iri ɗaya, a jeri ɗaya. Da farko mai karɓa yana yi masa zaton da yake yi wa mutum: tun da aka aiko, akwai dalili. Da ya gane babu dalili, sai ya janye zaton, kuma ba ya janye shi daga bot kaɗai. Zauren gaba ɗaya yake fara kallo da rabin ido. Wannan ita ce ɓarnar da ba a cika lissafawa ba: surutun na'ura yana rage darajar maganar mutanen da ke zaune kusa da ita.

Abin lura shi ne bot bai cika karya dokar gaskiya ba. Saƙon da ya ce gwaji ya yi nasara gaskiya ya faɗa. Dokar gwargwado da dokar dacewa yake takewa. A nan lissafin Claude Shannon na 1948 ya zo daidai da hankalin mai zance: yawan labarin da saƙo ke ɗauke da shi yana tafiya ne da yadda ba a zace shi ba. Saƙon da aka san zai zo, aka kuma san abin da zai ce, kusan babu labari a cikinsa, ko da ya cika shafi. Idan gwaji yana nasara kullum, nasarar yau ba labari ba ce. Faɗuwar gwajin ita ce labari, haka kuma dawowarsa daidai bayan ya faɗi.

Magabatan sana'ar sun san da haka. Tsarin Unix, wanda aka fara ginawa a ɗakunan binciken Bell a 1969, ya taso ne a zamanin da kwamfuta ke amsawa ta injin buga rubutu mai buga harafi goma a daƙiƙa. Kowace kalma ta banza tana cin lokaci da takarda. Shi ya sa har yau umarnin kwafe fayil a Unix, idan ya yi nasara, ba ya cewa uffan. Manhajar cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ba ta aika wa mai ita saƙo sai aikin ya fitar da wani abin faɗa. Eric Raymond, a littafinsa na 2003 kan dabarun Unix, ya sanya wannan ɗabi'a cikin dokokin sana'ar, ya kira ta dokar shiru. Da aika saƙo ya zama kyauta ga mai aikawa, sai aka manta da ita. Ga mai karɓa kuwa saƙo bai taɓa zama kyauta ba, domin da hankalinsa yake biya.

Wa ke magana, kuma da wa?

Yawa ba shi kaɗai ne aibin ba. Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson sun nuna a 1974 cewa zance yana da tsarin karɓa-karɓa: mai magana yakan zaɓi wanda zai bi bayansa, kuma wasu maganganu suna zuwa ne bibbiyu, tambaya da amsa, gaisuwa da amsawa. Bot yana shiga tsakanin tambaya da amsarta ba sallama. Ba a zaɓe shi ba, shi ma bai zaɓi kowa ba. Saƙon da aka watsa wa mutum ɗari biyu ba tare da suna ba, kowa cikinsu yana da hujjar ɗauka cewa na wani ne. Saƙonnin Knight ga rukunin ma'aikata aka aika su.

Rashin sanin karɓa-karɓa yana kai na'urori ga abin dariya. Gaisuwar Bahaushe tana da tsawo, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali, amma tana ƙarewa, domin ɗaya daga cikin masu gaisawar zai ce madalla. Idan na'urar da ke amsa wasiƙa a madadin wanda ya yi tafiya ta haɗu da wata irinta, kowace za ta yi ta amsa amsar ɗayar har akwati ya cika. Don haka ne masu tsara ƙa'idojin intanet suka fitar da takarda mai lamba RFC 3834 a 2004. Ta nemi kowane saƙon da na'ura ta aika da kanta ya ɗauki alamar da ke nuna haka, ta hana na'ura amsa saƙo mai wannan alama, ta kuma ba da shawarar kada a maimaita wa mutum ɗaya amsa iri ɗaya kafin kwana bakwai. Takardar injiniyoyi ce, amma abin da ke cikinta ladabin zance ne: faɗi ko kai wane ne, san wanda kake amsa wa, kada ka maimaita.

Erving Goffman, a littafinsa na 1981 kan nau'o'in magana, ya raba abin da ake kira mai magana gida uku: mai furtawa, mai tsara kalmomin, da mai maganar, wato wanda ke ɗauke da alhakinta. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan rabo. Sanƙira a wurin ɗaurin aure yana ɗaga murya da maganar da ba tasa ba, kuma kowa ya san ta waliyyi ce ko ta wakilin ango. Mai shela yana fara ambaton wanda ya aiko shi kafin ya faɗi saƙo, shi ya sa ake tsayawa a saurara. Bot mai furtawa ne kawai. Wani ya tsara masa kalmomi, wataƙila shekaru biyar da suka wuce, wataƙila ya bar aikin tuni. Tambayar da ya kamata a yi wa kowane bot ita ce wa ya aiko shi. Idan ba a sami mutum mai rai da zai ce ni ne ba, wanda za a kai wa ƙara kuma yana da ikon kashe shi, to shela ce marar mai aike, kuma babu dalilin barin ta a kasuwa.

Wikipedia ta koyi wannan da wuri. A watan Oktoba 2002, Derek Ramsey ya saki wani bot mai suna Rambot, wanda ya ƙirƙiri maƙaloli wajen 30,000 kan garuruwan Amurka daga alƙaluman ƙidayar jama'a. Jerin sauye-sauyen baya-bayan nan, wanda masu sa ido ke dubawa don kama ɓarna, ya cika da aikinsa har aikin mutane ya ɓace a ciki. Tsarin da aka tsaya a kansa daga baya yana nan har yau: bot yana neman izini kafin ya fara, yana da mutumin da ke amsa tambaya a kansa, yana ɗauke da alama, kuma jerin yana ɓoye gyare-gyarensa sai ga wanda ya nemi ganinsu. Ba a kori na'ura ba, an dai nuna mata wurin zamanta.

Maganar da take aiki

Akwai saƙon na'ura da ya wuce ba da labari. J. L. Austin ya nuna a littafinsa na 1962 cewa wasu maganganu aiki ne su kansu: wanda ya ce na yi alkawari ya yi alkawarin ke nan, alƙalin da ya ce na sallami ƙara ya sallame ta. Irin wannan magana ba ta cika sai mai faɗinta yana da hurumin faɗinta. A dandalin GitHub, inda ake gina manhajoji masu yawan gaske, akwai bot da ayyuka da dama ke amfani da shi don share tsofaffin koke-koke. A tsarinsa na asali, koken da ya kwana 60 ba motsi yakan sami alamar tsufa, bayan kwana 7 kuma a rufe shi.

Wanda ya kawo koken ya ɓata lokacinsa ya bayyana matsala, ya jira wata biyu ba amsa, sannan amsar farko da ya samu ta fito daga na'ura tana cewa an rufe. Matsalar tana nan ba a gyara ba. Abin da ya faru shi ne an yanke hukunci ba tare da alƙali ya zauna ba, kuma babu wanda zai ji nauyin yankewar. Masu kula da aiki suna da uzuri, domin yawancinsu ƴan sa-kai ne kuma koke ya fi ƙarfinsu. Duk da haka, cewa ba za mu iya ba magana ce da ya kamata ta fito daga bakin mutum. Idan aka miƙa ta ga na'ura, baƙo yana koyon cewa a wannan gida ba a amsa sallama.

Sabon salo ya ƙara dagula lamarin. A farkon 2024, Daniel Stenberg, jagoran manhajar curl, ya koka a fili kan rahotannin ɓaraka da ake aiko masa waɗanda manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka rubuta. Suna da tsari da ladabi da kalmomin sana'a, amma ɓarakar da suke bayyanawa babu ita. Tsohon bot yana cika zaure da gaskiyar da ba a bukata, kuma ana gane shi da gani. Wannan kuwa yana sanye da rigar mutum, sai an ɓata awanni ana bincike kafin a gane babu kowa a cikin rigar. Bukatar alamar da ke raba maganar na'ura da ta mutum ta fi ƙarfi yau fiye da 2004.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Masu son a bar na'ura ta faɗi komai a gaban kowa suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce gaskiya da buɗe aiki: idan kowane gyara yana bayyana a gaban jama'a, wani zai iya hango kuskuren da mai gyaran bai gani ba. Haka ne. Amma ajiye abu inda kowa zai iya gani daban yake da tura shi gaban kowa. Kundin da ke buɗe, wanda mai sha'awa zai nemi a riƙa aiko masa abin da ke shiga cikinsa, ya cika sharaɗin buɗe aiki. Sanarwar da aka tura wa mutum ɗari biyu waɗanda duk sun daina karanta ta kuwa sunan buɗewa kawai gare ta.

Ta biyu ta fi ƙarfi: na'urar da ta yi shiru, ta yaya za a san lafiya ce ta sa ta shiru ko mutuwa? Wannan shi ne aikin harshe da Bronislaw Malinowski ya fara bayyanawa a 1923, Roman Jakobson kuma ya sanya shi cikin ayyukan harshe shida a 1960, wato maganar da amfaninta kawai tabbatar da cewa hanya a buɗe take. Bukata ce ta gaske, amma ba sai an biya ta da kunnen jama'a ba. Ana iya sa wata na'urar ta riƙa sauraron bugun zuciyar ta farko, ta yi magana ranar da bugun ya tsaya. Ana iya tara rahoton yini ko na mako a saƙo ɗaya. Mai gadi ba ya tada masu gida kowace awa don ya shaida musu ba ɓarawo.

Ta uku ita ce kowa ya tace nasa. Wannan ɗora wa mai sauraro nauyin mai magana ne, kuma nauyin ba ya faɗa wa kowa daidai. Tsohon hannu yana da matata goma da ya gina cikin shekaru. Sabon shiga ba shi da ko ɗaya, kuma shi ne aikin ya fi bukatar ya zauna. Wanda ke karatu a wayar salula, da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa, yana biyan kuɗin kowace sanarwar banza sau biyu, da hankali da kuma aljihu. Sannan idan kowa ya tace, an koma gidan jiya: saƙo yana fita, ba mai karantawa, kuma kowa yana zaton an sanar.

Ta huɗu ita ce ba a iya sanin saƙo mai muhimmanci tun kafin ranarsa. Wannan gaskiya ce, shi ya sa aikin ba na rana ɗaya ba ne. Lokaci-lokaci ya kamata masu aiki su jera nau'o'in saƙon da na'urorinsu ke aikowa, su tambayi kowane: yaushe rabon da wani ya yi wani abu saboda wannan? Wanda ba a tuna ba ya koma kundi. Wanda aka tuna a ba shi suna da adireshin mutum. Akwai misalin bot da ya kusanci wannan tsari. Syzbot, wanda ke farautar kurakurai a cikin Linux tun 2017, yana aika rahotonsa ga masu kula da ɓangaren da abin ya shafa, yana haɗawa da hanyar sake tada kuskuren idan ya samo ta, kuma yana ajiye cikakken jerin abin da ya gano a wurin da mai so zai duba.

Ranar da na'ura za ta yi Hausa

Dokar sake gina ƙasa da aka zartar a Nijar a watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko ba daɗe ko ba jima, manhajojin ofis da na asibiti da na aika kuɗi za su bukaci saƙonni da Hausa, kuma waɗanda suka karanci harshe ne za a nema su rubuta su. Nahawun Hausa zai tilasta musu yanke shawarar da marubucin Ingilishi ke iya kauce wa.

Hausa tana da lamirin da ba ya nuna mai aiki, wato an da ana da a, wanda wasu masu nahawu ke kira mutum na huɗu. Tana kuma da aikatau masu ƙarewa da u, aji na bakwai a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, irin su gyaru da buɗu da yiwu, masu faɗin sakamako ba tare da mai aiki ba. Dukansu suna da daɗin amfani a bakin na'ura, kuma a nan haɗarin yake. Saƙon da ya ce an sami matsala, a duba, Hausa ce mai kyau da ladabi, amma bai faɗi wa ya samu ba, bai faɗi wa zai duba ba. Shi ne saƙon Knight da rigar Hausa. Idan aka guje shi, sai a zaɓa tsakanin ka da ki, waɗanda ke bukatar sanin jinsin mai karɓa, da ku, wanda ke iya zama girmamawa ko kuma jam'in da kowa zai fake a bayansa. Mafita mafi sauƙi ita ce ta mai shela: a fara da sunan wanda aka nufa ko muƙaminsa, a faɗi abin da ya faru da lokacinsa, a faɗi abin da ake so ya yi, a rufe da sunan mai alhakin na'urar. Bayan an ambaci mutum, a duba ta daina zama ta kowa.

Sai batun gaisuwa. Bahaushe ba ya shiga magana ba sallama, kuma mai fassara zai ji sha'awar sa na'ura ta tambayi lafiya, ta ce ta yi farin ciki, ta ce tana ba da haƙuri. Gaisuwa tana da daraja ne domin mai yin ta yana jiran amsa kuma amsar ta dame shi. Na'urar da ta ce ta yi farin ciki ta karya dokar gaskiya, wadda ita kaɗai ce bot ya saba kiyayewa, kuma ta ɓata alamar da mai karatu ke bukata don ya san da wa yake magana. Girmamawar da na'ura za ta iya yi wa mutum ita ce ta taƙaita, ta fayyace, ta bayyana cewa ita na'ura ce.

Ɗalibin da aka miƙa wa jerin saƙonni ɗari uku don ya mayar da su Hausa yana da hurumin yin tambayar da ta wuce fassara. Kafin ya nemi kalmar da ta dace, ya tambayi injiniyan: wannan saƙo wa zai karɓe shi, sau nawa a rana, kuma me ake so ya yi idan ya karanta? Saƙon da injiniyan ya kasa amsa waɗannan tambayoyi a kansa bai kai matsayin a fassara shi ba tukuna, kuma faɗin haka yana cikin aikin masanin harshe.